Inji na ruri, soket ba wuta: kwana 10 ana bin janaretan wata mota mai ɗaki a Zariya

Motar da mai ita

Mai motar dattijo ne, manomi. Gidansa yana Tudun Wada, gonarsa kuma tana wajen Maigana, kan hanyar Jos. 'Yan shekarun baya ya sayi wata tokumbo ƙirar Amurka, irin mai ɗaki a ciki: ga gado, ga ɗan kicin, ga banɗaki, ga firji, ga kuma esi a saman rufi. Direbobi karaban suke ce mata. Can inda aka ƙera ta, ta yawon shan iska ce. Shi ko Alhaji ofishin gona ya mayar da ita. Lokacin ɗiban tumatir a ciki yake sallamar 'yan ƙwadago, a ciki yake ƙailula, in aiki ya kai dare kuma a ciki yake kwana.

Motar ta ƙarshen shekarun 1990 ce. Daga gefe, ƙasa-ƙasa, akwai 'yar ƙofar da janareta ke ciki, ƙirar Onan mai wat 4,000, wanda ke shan fetur daga tankin motar. Wuta iri biyu ce a cikin ɗakin. Fitilu da famfon ruwa da 'yar fankar rufi duk batir ne ke riƙe da su, bolt 12. Esi da soket-soket da cajar da ke cika batirin kuwa babbar wuta suke ci, wadda ke zuwa ko dai daga janareta, ko daga wata doguwar waya mai kauri da ake jonawa a gida. Babbar wutar nan ta Amurka ce, bolt 120 mai bugu 60 a daƙiƙa. Tamu ta NEPA bolt 230 ce mai bugu 50. Shi ya sa dilan da ya sayar da motar ya haɗa wa Alhaji da taransifoma mai rage wuta, ya ja masa kunne kada a taɓa jona wayar kai tsaye a bango. Alhaji ya riƙe jan kunnen, bai riƙe lambobin ba. Direban da ke jan motar yanzu kuma watansa huɗu da fara aiki.

Rana ta 1, Talata, makon ƙarshe na Maris

Wajen ƙarfe biyu na rana, motar tana tsaye gindin wata ɗorawa a bakin gona. Esi ya yi kusan awa uku yana aiki. Alhaji ya idar da azahar ya kishingiɗa, sai ya ji wani ƙar-ƙar-ƙar daga ƙarƙashin gado, kamar ɓera na cin katako, sannan esi ya ɗauke. Janareta bai mutu ba. Muryarsa ce ta yi sauƙi, irin ta injin da aka sauke wa kaya. Fitilar rufi kuma tana nan a kunne, abin da ya sa da farko suka ɗauka esin ne ya lalace, sai da direba ya soka cajar waya a soket ya ga ba ta ja.

Direban ya yi abin da ya kamata. Ya duba fetur, ya wuce rabin tanki (irin waɗannan motoci, bututun janareta ba ya kai wa gindin tanki, da mai ya sauka wajen kashi ɗaya cikin huɗu yake daina sha, don kada a rasa na komawa gida). Ya duba baƙin mai, yana daidai. Ya buɗe ƙofar janareta ya kashe birekar da ke jikinsa, mai amfiya 30, ya sake kunnawa. Ya bi birekun cikin ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ya danna ɗan maɓallin da ke tsakiyar soket ɗin banɗaki, wanda in ya faɗi yake ɗauke wutar wasu soket ɗin. Ya kashe inji ya tayar har sau uku. Kowane karo injin na tashi bugu ɗaya ya zauna daram, soket kuwa shiru. Da la'asar zafin cikin motar ya kori kowa, suka kamo hanyar Zariya.

Rana ta 3, Alhamis

Alhaji ya koma gona da ƙaramar mota, ya bar wa direba aikin. Direba ya ɗauko wani mai gyaran janareta daga Sabon Gari, mutumin da ya shekara fiye da goma yana kwance ƙananan injuna na shago da na gida, kuma unguwarsu ta shaide shi.

Hasashensa na farko shi ne maganadisu ya gudu. A ƙananan janareta hakan na faruwa in sun daɗe a ajiye: ɗan maganadisun da ke saura a jikin ƙarfen da ke juyawa, wanda da shi wuta ke fara tashi, sai ya zube, inji ya yi ta gudu a banza. Dabarar masu gyara ita ce a soka dirila a soket, a danne kunamarta, a murɗa bakinta baya da hannu, sai ta tura 'yar wuta cikin kwayil ta farfaɗo da shi. Ya yi haka a soket ɗin kicin sau biyar ko shida. Babu labari.

Sai ya ciro buroshi, 'yan gawayin da ke kai wuta ga ƙarfen da ke juyawa. Ba su cinye ba. Ya goge zobban tagullar da suke gogawa a kai, ya mayar. Ya nemi kapasita bai samu ba, don wannan injin ba ya da ita, wata 'yar na'ura da ake ce wa AVR ce ke daidaita masa wuta. Ya wanke kafireto, ya canza fulogi, duk da babu wanda ya kawo ƙarar su.

Daga nan ne ya buɗe murfin da wayoyin ke fita daga janareta, ya ɗora mitarsa. Mita ta nuna 119. Ya kira Alhaji a waya.

"Ranka ya daɗe, na gano shi. Haf-kuran yake bayarwa. Inda ya kamata a ga ɗari biyu da ashirin, ɗari da goma sha tara nake gani."

"To me za a yi, Malam?"

"Bari in ɗaga masa wuta tukuna. In bai hau ba, kwayil ne."

Ya ɗaure notin gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, inji ya ƙara gudu har jikin motar na kakkarwa. Mita ta hau 126 ta tsaya, don AVR ya ƙi barin ta wuce nan. Ya ƙara ɗaurewa, ba ta gusa ba. Ya tattara kayansa da hukuncin cewa rabin kwayil ya ƙone. Notin gwamna kuwa a inda ya kai shi ya bar shi.

Rana ta 5, Asabar

Kafin a kai ga sauke inji, direba ya ce bari rewaya ya gani, tunda dai mota ce. Rewayan ya zo daga Kwangila da testa da ɗan kwan fitilarsa na bolt 12. Bangaren batir ya bi shi tsaf, fis-fis duka lafiya. Da ya zo kan babbar wayar da ta fito daga janareta ta nufi cikin ɗaki, ya fere ta kaɗan, ya ga uku a ciki: baƙa, fara da koriya. Ya ɗora testa kan baƙar, ta kawo ja. Ya ɗora kan farar, ba komai.

A wayarin ɗin gidajenmu na da, ja ce mai wuta, baƙa ce nutural. Da ido irin wannan ya kalli abin, ya ce nutural ya ɗauki wuta, layif kuma ya mutu, wato kwayil ya haɗe daga ciki. Magana ta zo ɗaya da ta mai gyaran janareta, shaidu biyu ke nan.

Da yamma aka kawo mai naɗin kwayil ya leƙa. Ya ce zai iya, amma sai an sauke injin an kai masa shago, kuma tunda za a naɗa, gara a naɗa shi a kan 220 ya dace da ƙasa. Alhaji ya ji maganar ta shige shi. Abin da ya tsayar da aikin ba wani hange ba ne: injin yana rataye ne a ƙarƙashin mota, nauyinsa ya fi buhun siminti, kuma mai jak ɗin da za a tare shi da shi ya tafi ɗaurin aure Funtuwa.

Rana ta 6 zuwa ta 8

Motar ta zauna a harabar gida. Daren Lahadi aka kawo wuta, maigadi ya jona doguwar wayar a taransifoma kamar yadda ya saba don batir ya cika. Ɗan Alhaji, ɗalibi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ya shiga motar ya yi cajin kwamfutarsa a soket ɗin kicin har aka ɗauke wuta. Da safe ya faɗa wa mahaifinsa cewa soket ɗin fa suna aiki. Aka ce ai an sani, janareta ne ba ya aiki. Ɗan ne ya roƙi a dakata da sauke inji har wani mai wayarin da ya taɓa yin aikin koyo a hannunsa ya zo ya duba.

Rana ta 9, Laraba

Mai wayarin ɗin ya iso da hantsi a kan babur, mita a aljihu. Bai ce a tayar da inji ba. Ya durƙusa gaban ƙofar janareta, ya tsoma tsumma a fetur, ya shiga goge wani ɗan allon ƙarfe da ƙura da baƙin mai suka rufe. Rubutu ya fito: 120 V, 60 Hz, 3600 RPM. Ya kira direba ya nuna masa da ɗan yatsa.

"Ɗari da goma sha taran da aka gani ranar, ita ce cikakkiyar wutarsa. Ko sabo ne fil abin da zai bayar ke nan."

Sannan ya yi wa Alhaji tambayoyi uku. In an saki makunni, injin na mutuwa ko yana zama? Yana zama. Da wutar gida soket na aiki? Suna aiki. In an tayar da inji, a da akan ji wani ƙas bayan ɗan lokaci kafin esi ya kama? Alhaji ya yi shiru, ya ce ƙwarai, daga ƙarƙashin gado, kuma rabon da ya ji shi tun ranar Talatar nan.

Tambayar farko tana da dalili. Irin wannan janareta, allon da ke sarrafa shi yana jiran ya ga wuta ta fito kafin ya bar inji ya ci gaba da gudu. In kwayil ya ƙone ko buroshi sun cinye, injin zai tashi, amma ana sakin makunni zai mutu. Kuma duk lokacin da ake tayar da shi, shi da kansa yake ɗibar wutar batir ya zuba wa ƙarfen da ke juyawa, don haka zancen gudun maganadisu ba kasafai yake shafar sa ba. Injin da ya zauna awa guda yana ruri, ya riga ya ba da shaidar cewa yana haihuwar wuta. Tambaya ta biyu ta wanke birekun cikin ɗaki da wayoyin soket. Abin da ya rage tsakanin waɗannan biyun ɗan gajere ne.

Suka ɗaga katifa, suka kwance katakon da ke ƙasa, noti shida. Ga wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka, bai fi girman akwatin takalmi ba, wayoyi masu kauri uku na shiga cikinsa: ta janareta, ta gida, da wadda ke wucewa zuwa birekun ɗaki. Canji-oba ne mai aiki da kansa. A zaune, kullum yana jingine ne a ɓangaren wutar gida. In janareta ya tashi, wani ɗan allo a ciki yana ƙirga daƙiƙa 20 zuwa 30 don inji ya daidaita, sannan ya ja rile, wato makunnin da wuta ke motsawa, ya juya ɗakin zuwa janareta. Jan rilen nan shi ne ƙas ɗin da Alhaji ya saba ji. Tunda bai ja ba, duk kwanakin nan soket ɗin ba su ma haɗe da janareta, har da na kicin da aka yi ta murɗa dirila a cikinsa.

Ana buɗe murfin wari ya bugo, warin ƙonanniyar roba da ta kwana biyu. A jerin notocin da ke danne wayoyi, na farar wayar janareta ya yi baƙi ƙirin. Robar wayar ta narke ta ja da baya kamar tsawon ɗan yatsa, tagullar ta koma launin toka, silinta sun tsintsinke, biyu ko uku kawai ke leƙen ramin. Ya taɓa notin da sukurudireba, ya juya ba tare da wata gardama ba. Gindin robar da notin ke zaune a kai ya zama gawayi, yana marmashewa.

Aka tayar da inji, ya auna, hannu ɗaya a aljihu. Daga baƙar waya zuwa jikin akwati, 126. Daga baƙar zuwa notin da ya ƙone, sifili. Daga baƙar zuwa tagullar farar wayar, can baya inda wuta ba ta ci ba, 126. Wuta tana isowa har bakin akwati, hanyar komawarta ce ta yanke. A wayarin Amurka baƙa ce mai wuta, fara ce nutural, koriya ta ƙasa. Testar rewaya gaskiya ta faɗa, wutar tana inda ya kamata ta kasance.

Da aka tsananta tambaya, direba ya tuna cewa tun farkon wata esi kan yi kamar zai ɗauke ya dawo, kuma sau biyu ya ji ƙauri a bayan mota ya ɗora wa birki.

Kafin a kashe inji, mai wayarin ya juya mitarsa zuwa awon bugu. Ta nuna 67. Injin da aka yi wa juyi 3,600 a minti yana yin sama da 4,000.

Rana ta 10, Alhamis

Da farko mai wayarin ya yanke wayar har inda tagulla ke ƙyalli, ya jona ta na wucin gadi don ya ga ko rilen na da rai. Daƙiƙa 27, sai ga ƙas. Amma bai yarda a ci gaba da akwatin ba. Robar da ta zama gawayi tana iya ɗaukar wuta, bakin rilen kuma ya yi tabo-tabo saboda tartsatsin da ya sha lokacin da yake ƙar-ƙar.

Irin akwatin ba a samun sa a shagunan kayan wuta na Sabon Gari. Wani mai shago ya kawo shawarar a haɗa da kwantakta, wato babban rile, irin ta gidaje, sai dai kwayil ɗinta na 220 ne, wutar 120 ba za ta ja shi yadda ya kamata ba. Aka tsaya kan canji-oba na hannu mai amfiya 63, wanda ba ruwansa da yawan bolt ɗin, mai yanke waya biyu lokaci guda. Mai wayarin ya dage kan wannan, domin a cikin janaretan nutural a haɗe yake da jikin mota, bai kamata ya zauna a jone da nutural ɗin wutar gida ba. Ya ƙaro guntuwar waya mai milimita 6, wadda ta ɗan fi ta asali kauri, ya matse bakunan da kan tagulla, ya ɗaure kowane noti, ya ja wayar da hannu ya ga ba ta motsi. Ya kafa makunnin a gefen gado inda hannu zai kai, ya rubuta JANARETA da GIDA a jiki da alƙalamin maka. Ramin da rewaya ya fere ma ya naɗe shi.

Sannan gwamna. Ya yi ta sassauta notin kaɗan-kaɗan, ido a kan mita, har bugu ya sauko wajen 62 ba kaya. Aka juya makunni, aka kunna esi. Inji ya nisa ya ɗauka, bugu ya zauna a 60, wuta a 118, esi na jan amfiya 13. Aka bar shi awa biyu. Ya kashe komai, ya bi notocin da bayan yatsa, babu mai ɗumi.

Da yake kwance a ƙarƙashin mota ya lura ƙarfen da ke riƙe da salansar janareta ya karye, bakinta ya karkato ƙarƙashin ɗaki maimakon waje. Ya ce wa Alhaji, "Baba, wannan ta fi wutar muhimmanci, tunda kana kwana a ciki." Hayaƙin janareta ba sabon abu ba ne wajen kashe mutane cikin barci a ƙasar nan. Aka kira mai walda a ranar.

Bayan mako biyu

Motar ta je gona sau biyar ta dawo. Mai wayarin ya sake zuwa kamar yadda ya yi alƙawari, ya bi notocin. Biyu sun karɓi ɗan ɗauri, sauran suna nan. Direba ya saba da sabon tsari: a tayar da inji, a ba shi minti biyu, a juya makunni, sannan esi, in za a kashe kuma esi ne farko.

Abin da za a iya cewa

Asalin matsalar noti ɗaya ne da ya saki. Motar da aka yi don shimfiɗaɗɗun tituna ta shekara tana bin gargadar hanyar gona, girgiza ta sassauta shi, esi kuma yana jan amfiya goma sha wani abu ta wannan sakakken baki na tsawon awanni cikin zafin bazara. Sakakken baki yana zafi, zafi yana ƙara sakin sa, har tagulla ta ƙone. Bireka ba ta faɗi ba saboda wutar ba ta taɓa wuce ƙima ba.

Mai gyaran janareta da rewaya ba 'yan koyo ba ne, kuma awonsu duka daidai ne. 119 ɗin gaskiya ce, jan testa a baƙar waya ma gaskiya ne. Sun karanta su ne da ma'aunin injunan da suka saba kwancewa, kuma da bakinsu ya zo ɗaya sai kowa ya daina tambaya. A ganina kuskuren da ya fi nauyi shi ne taɓa gwamna ba tare da mita mai auna bugu ba, sannan a tafi a bar shi haka. Da canji-oban ya farfaɗo da kansa a kwanakin nan, da esi ya sha wutar da ba tasa ba.

Shi ma mai motar yana da nasa kason. Ya san motar ba ta cin wutar bango, taransifomar tana nan a garejinsa, amma ba a faɗa wa ko ɗaya daga cikin masu gyaran ba, kuma ƙar-ƙar ɗin da ya ji da kunnensa a ƙarƙashin gado bai shiga labarin da aka ba su ba sai a rana ta tara, da aka tambaye shi. Da mai jak bai tafi Funtuwa ba, da an naɗa lafiyayyen kwayil a kan 220, a mayar da shi, soket su ci gaba da shiru tunda farar wayar tana nan a ƙone. Ranar da aka gano ta aka gyara kuwa, esi da cajar batir ne za su fara ƙonewa.

Canji-oba na hannu yana da nasa aibin, don yanzu babu abin da ke jiran inji ya daidaita sai haƙurin direba. Alhaji ya ba wani ɗan'uwansa da ke Amurka saƙon akwati irin na asali. Tsohon akwatin yana kan kanta a gareji, mai wayarin ya ce a ajiye masa ɗan allon ƙirgan.